Giyayya, Kanya da Maɗaci: Itatuwan da Gaɓar Yedzaram Ke Jira

Wanda ya ga kogin Yedzaram a watan Maris kaɗai bai gan shi ba. A lokacin shimfiɗar yashi ce fara fat, yara na buga ƙwallo a cikinta, ana tona ramuka ana kwasar ruwan da ke tsattsafowa, motocin tifa na shiga su yi lodi su fita. Sai ka dawo a Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa a kan duwatsun Mandara. Kogin nan da ka taka da ƙafa ya zama ja wur, yana ruri, yana tafe da karan dawa da kututture da ledoji. Idan ka tsaya kusa da gaɓa za ka ji wani sauti da manoman bakin kogi suka sani sarai, wato ƙarar ƙasa lokacin da ruwa ya ci gindinta ta rufta. Kowace ruftawa wani yanki ne na gonar wani ya tafi.

Na sha bin gaɓar nan bayan ruwa ya janye, kuma abu guda nake gani kullum. Inda aka share komai aka yi noma har leɓen kogi, gaɓar a tsaye take kamar an yanka ta da wuƙa, bana ta fi bara matsowa. Inda kuwa aka bar 'yan itatuwa da ciyawa, ko don wurin ya yi wuyar huɗa ko don mai gonar yana son inuwa, gaɓar a kishingiɗe take, saiwoyi sun saƙe ta, har ma ruwan ya ajiye sabuwar laka a gindinsu. Ba kowane itace ke wannan aiki ba. Waɗanda ke yin sa sanannu ne, kakanninmu sun raɗa musu suna da Hausa da Fulatanci da harsunan Gude da Fali, amma da wuya ka same su a wurin masu sayar da dashe a cikin gari.

Garin da kogi ya raina

Mubi ta tashi ne a bakin Yedzaram, a gindin duwatsun Mandara ta yamma. Kogin yana fitowa daga tsaunukan, ya bi ta gari, ya miƙe arewa ta wajen Uba har Bama a jihar Barno, cikin kwarin Tafkin Chadi. Saboda haka idan ana maganar sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wannan labarin Binuwai ne da mutanen Yola da Numan. Ambaliyar Mubi tata ce, daga duwatsun da ke bayanta take saukowa, kuma da sauri take zuwa domin gangaren gajere ne. Ruwan da ake samu a shekara yana kewayen milimita 1,000, daga Mayu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba.

Garin ya ga zamani iri-iri. Jamusawa sun kama shi a 1903, Ingilishi suka karɓe a 1914, sannan bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Yau ga kasuwar shanu da ake ji da ita har ƙetare, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Bayan masifar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin kafin a fatattake su, jama'a sun dawo, kuma mutane da yawa daga ƙauyukan da ba su zaunu ba suka tare a nan. Kowane sabon gida yana buƙatar yashi da bulo da itacen rufi, kowace tukunya tana buƙatar wuta. Da kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka, sai nauyin ya koma kan icce da gawayi. Itacen da ya fi kusa da hannu kuwa shi ne na bakin rafi.

Ga kuma zaizayar ƙasa. Wanda ya bi hanyar Digil ko Vimtim ko Gella ko Lamorde ya ga kwazazzaban da ke tsaga gonaki, masu binciken ƙasa na makarantun garin sun daɗe suna auna su. Duk ƙasar da ta kwaranye daga can a cikin kogi take ƙarewa, ta cike masa ciki, shi kuma ya nemi hanya ta gefe.

Darbejiya ta yi mana rana, amma ba ta san taɓo ba

Duk lokacin da aka yi bikin dashen itatuwa, abin da ake rabawa kusan iri ɗaya ne: darbejiya, turare, wani lokaci mangwaro da gwaiba. Ba na cikin masu zagin darbejiya. Baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an shigo da ita Lardin Barno a 1928, kuma in ba don ita ba da titunan garuruwan Arewa da yawa ba su shiguwa da tsakar rana. Tana jure fari, akuya ba ta cika damunta ba, tana girma da wuri. Sai dai tana da abin da ba ta so, shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi. A dasa ta a fadamar da ke riƙe ruwa mako biyu ko uku, za a ga ganyen ya yi rawaya, saiwar ta ruɓe, ta mutu a tsaye. Mai dashen sai ya ce wurin ba ya karɓar itace, alhali itacen ne bai dace da wurin ba.

Turare shi yana iya zama da ruwa, domin irin da aka fi shukawa a nan asalinsa ɗan bakin kogi ne a ƙasar Ostireliya. Yana ba da sanduna miƙaƙƙu, kuma kuɗinsa na zuwa da wuri. Amma mai lambu ya san halinsa: yana shan ruwa da yawa, ƙarƙashinsa ba ya yin ciyawar kirki, kuma gaɓar da ba ciyawa a kanta tsirara take ko da itatuwa sun yi mata layi. Ba ya ba yaro abin tsinka, ba ya ba dabba abin ci.

Tambayar da ba a cika yi ba kafin a haƙa rami ita ce: kwana nawa ruwa ke yi a wurin nan kowace damina? Amsarta ce ke faɗin itacen da za a sa. Bakin kogi hawa-hawa ne. Akwai can ƙasa inda ruwa ke kwanciya wata ɗaya ko fiye, akwai tsakiya inda yake hawa ya sauka cikin kwanaki, akwai sama inda sai a shekarar babbar ambaliya yake kaiwa amma danshi na nan kusa a ƙarƙashi. Kowane hawa da 'yan gidansa.

Giyayya, mai tsayuwa cikin ruwa

A hawan ƙasa babu kamar giyayya, wadda Fulani ke ce wa kooli, masana tsirrai kuma Mitragyna inermis. Ba ta da kwarjinin kuka ko tsamiya, shi ya sa mutum zai wuce ta sau ɗari bai tambayi sunanta ba. Galibi ba ta yin gangar jiki ɗaya. Daga gindi take rabuwa sanduna da yawa, ta yi cunkus, tsayinta sau da yawa bai kai mita 10 ba, ko da yake takan kai 16 inda ta samu sarari aka ƙyale ta. Sabon ganyenta ja-ja ne. Da damina takan yi fure fari, dunƙule kamar ƙaramar ƙwallo, mai ƙamshi, ƙudan zuma na rububinsa. In furen ya bushe sai ya bar wasu dunƙulallun kawuna masu duhu da ke daɗewa a jikin reshe har cikin rani, kuma da su ake saurin gane ta daga nesa.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne inda take yarda ta zauna. Baƙar laka mai nauyi, wadda ke zama taɓo da damina ta tsattsage da rani, ita ce gidanta. Takan yi watanni gindinta cikin ruwa ba ta ko gezau, sannan ta jure watanni shida na rani a wuri guda. Haka ake ganinta a dausayin Haɗeja da Nguru, da fadamun Logone a Kamaru, da bakin tafkuna daga Senegal har Sudan. Yawan sandunanta, wanda mai neman katako ke raina wa, shi ne amfaninta ga gaɓa. Ruwa mai gudu in ya shiga tsakaninsu ƙarfinsa yana karyewa, ya saki lakar da ya ɗauko. Shekara kan shekara wurin yana tasowa maimakon ya zurma.

Kuma ba zaman banza take yi ba. Awaki da tumaki da shanu suna cin ganyenta lokacin da ciyawa ta ƙare. Sandunanta na shiga rufin ɗaki da rumfa da shinge. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa ganye da ɓawonta don zazzaɓi, kuma abin sha'awa ne cewa dangi ɗaya take da itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, da kuma itacen gahawa. Wannan ba dalili ba ne na ƙin kai yaro asibiti in jikinsa ya yi zafi, amma yana nuna cewa tsofaffinmu ba da ka suka zaɓe ta ba. Babban abin kuma, in an sare ta ba ta mutuwa. Kututturen yana sake toho da ƙarfi, ta yadda mai ita zai iya yankan sanda bana ya bar saura, baɗi ya sake samu, saiwar kuwa tana nan riƙe da ƙasa.

Kusa da ita a wannan hawa akwai bagaruwa, wadda ita ma ke jure kwanciyar ruwa, kuma majema ba sa rabuwa da 'ya'yanta wajen jimar fata. Akwai tafashiya mai jan 'ya'ya, akwai malmo a inda danshi ba ya yankewa. A can leɓen ruwa kuma, kafin itace ma, ciyawar jema ce ya kamata ta fara zama, wadda ake zana da hula da ita, mai saiwa da ke nutsawa ƙasa kamar raga.

Wani ɗan uwan giyayya a hali, can Amurka

A kudu maso gabashin Amurka, musamman a kwarin kogin Misisipi, akwai wani itace da suke kira hikorin ruwa, Carya aquatica a bakin masana. Dogo ne, yakan wuce mita 30. 'Ya'yansa masu ɗaci ne, mutum ba ya ci, sai agwagin daji da kurege. Katakonsa ba shi da daraja a kasuwa, kuma doguwar saiwarsa ta sa dasa shi ke da wuya, don haka masu sayar da dashe ba su damu da shi ba. Amma a laka mai nauyi da ruwa ke kwanciya a kai, inda manyan itatuwa masu tsada ke mutuwa, shi yake tsayawa. Dabararsa ita ce jinkirin fitar da ganye har sai ruwan ya fara janyewa, 'ya'yansa kuma ruwan ne ke ɗaukarsu ya kai su sabon wuri. Manomin Arewa zai tuna da gawo, wanda shi ma ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani.

Dazukan fadamar Misisipi sun kai kusan hekta miliyan 10 a da. Aka share su don noma har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Daga 1990 gwamnatin Amurka ta fara biyan manoma su mayar da gonakin da ruwa ke yawan cinyewa su koma daji. Darasin da suka koya da tsada shi ne wanda muke magana a kai: inda aka sa itacen tudu a kwari, dashen ya lalace, sai da aka riƙa duba tsawon zaman ruwa a kowane fili ana ba shi itacen da ya saba da hakan. Ban kawo labarin nan don a je a ɗauko mana hikori ba. Muna da namu, kuma ya fi nasu amfani ga mai gona.

Hawan tsakiya da na sama

Da an ɗan hau, sai mulkin kanya, nelɓi a Fulatance. Wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ya san baurin ɗanyarta da zaƙin nunanniyarta a lokacin sanyi. Itace ce mai duhun inuwa, kusan ba ta rabuwa da ganye, tana son bakin rafi da gindin suri, kuma dangin baƙin katakon nan ne mai tsada da ake sassaƙa da shi. Gara ba ta cika cin itacenta ba. Aibinta ɗaya a idon mai gaggawa, ba ta sauri. Akwai kuma abin da masu dashe da yawa ba su lura da shi ba: kanya tana da mace tana da namiji, kuma macen ce kawai ke 'ya'ya. Wanda ya dasa ƙwaya ɗaya tak yana iya shekara da shekaru yana jira a banza. A sa biyar ko shida kusa da juna, in sun girma a gane wace ce wace.

Maɗaci, ɗaalehi a wurin Fulani, shi ne sarkin wannan hawa. Yakan kai mita 30, kuma tun zamanin Turawa ake jera shi a bakin tituna a garuruwan Afirka ta Yamma, abin da ke nuna cewa ɗan daji ne da ya yarda da zaman gari. Amma dubi yadda muke yi masa. Da wuya ka ga babban maɗaci kusa da mutane wanda ba a saɓule masa ɓawo ba don maganin ciki da zazzaɓi, wani har a zagaye shi, wanda kuwa kisa ne. Makiyaya na sassabe rassansa da rani su ba shanu. Masu injin yanka na bin sa don katako. Abin ya kai ga cewa a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 an sa maɗacin Afirka cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su ƙetare sai da izini. Mun riga mun ga abin da ya sami maɗobiya a dazukan Taraba da Adamawa lokacin da 'yan kasuwa suka yi mata ca don kai wa Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Irin maɗaci yana cikin wani ƙoƙo mai tauri da ke tsagewa da rani, 'ya'yan masu fiffike su watse. Ba ya ajiyuwa, cikin 'yan watanni yake mutuwa, don haka a shuka shi da ɗanyensa. Yana da wata tsutsa da ke huda kan toho ta sa shi ya yi rassa tun yana ƙarami. Maganin da ya fi sauƙi shi ne kada a yi gonarsa zalla, a cakuɗa shi da wasu itatuwa.

Giginya fa? An ce inuwarta na nesa ka sha, amma wanda ya shuka ta jikokinsa ba za su rasa muruci da azara da kaba ba. Tana son inda ruwa ke kusa a ƙarƙashi. Ba a dasa ta, ƙwallon ake binnewa a inda ake so ta zauna, kuma takan yi shekaru tana ganye a ƙasa kafin ta ɗaga. Ita ma mace da namiji ce. A yankin Gaya ta Nijar, cikin Dallol Mawuri, akwai dazukan giginya da ƙauyuka ke kula da su da kansu, suna noma a ƙarƙashinsu suna cin moriyarsu. Sai ɗinya mai ba da ɗinkin da baƙaƙen 'ya'ya, da ɓaure wanda reshensa ma in an kafa a danshi yake kamawa. Shi ɓaure a nisanta shi da gini da rijiya da masai, domin saiwarsa ba ta jin kunya.

Yadda ake yi, da inda ake faɗuwa

Mutanenmu kan ce itacen daji Allah ke shuka shi. Gaskiya ne, amma a da akwai iyayen itatuwa da ke zubar da iri, akwai tsuntsaye da jemagu da birai masu yaɗa shi, kuma awaki ba su kai yawan na yau ba. Yanzu sai an sa hannu.

Aikin yana farawa da rani, lokacin tara iri. Irin giyayya ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. A karyo busassun kawunan a murje a kan takarda, a barbaɗa a kan lallausar ƙasa mai danshi a inuwa, kada a binne, a riƙa yayyafa ruwa a hankali. In tsiron ya yi ganye huɗu ko shida a mayar da shi leda. Wanda bai da wannan haƙuri yana iya cirar ƙananan da suka fito da kansu a gindin uwa, da ƙasarsu, da farkon damina. Bagaruwa ɓawon irinta tauri gare shi, sai an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana. Kanya a wanke ƙwallon a jiƙa, a kuma yi haƙuri, takan yi makonni kafin ta leƙo. Ita da maɗaci suna sakin doguwar saiwa tun da wuri, saboda haka leda mai zurfi ake nema, kuma kada su daɗe a ciki har saiwar ta nannaɗe. Itacen da saiwarsa ta nannaɗe a leda ko ya girma iska na iya kayar da shi.

Lokacin dashe ya danganta da hawa. A sama da tsakiya, da zarar damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A can ƙasa kuwa, ɗan dashen da aka sa a Yuli ruwan Agusta zai binne shi ko ya tafi da shi. Giyayya babba ce ke jure nutso, jaririyarta ba ta kai nan ba. Gara a jira ruwa ya fara ja da baya a ƙarshen Satumba, a dasa cikin danshin da ya bari, sannan a ɗauki nauyin ban ruwa a ranin farko. Mai lambun da injinsa ke aiki a wurin ba zai ji wannan nauyi ba. Wani kuskure da ake yawan yi a laka shi ne a haƙa rami mai santsin bango a cika shi da taki da yashi. Ramin sai ya zama tukunya, ruwa ya taru a ciki ya dafa saiwar. A farfasa bangon ramin, a mayar da ƙasar wurin, taki kaɗan ya isa.

Sai babban yaƙi, wato akuya da wuta. Dashen da ba a kewaye ba abincin dabba ne, ko wace hukuma ce ta kawo shi. Ƙaya ko kwando ko tsofaffin bulo, duk abin da ya samu, kuma a riƙe kariyar har rani uku. A share busasshiyar ciyawa a kewayen gindi kafin a fara cinna wa daji wuta.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Itace ba ya hana ambaliya. Gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, ko an kewaye shi da giyayya ɗari, ruwa zai shiga. Gaɓar da ta riga ta tsaya cak ruwa na cin gindinta, in an dasa itace a kanta tare za su rufta. Sai an fara kwantar da ita, an kafa jema da gamba, a wani wurin ma sai an jera duwatsu, sannan itace ya biyo baya. Kuma muddin ana kwasar yashi a gindin gaɓa, duk abin da aka dasa a sama aikin banza ne. Masu tifa da masu lodi abincinsu suke nema, garin kuma yana buƙatar yashi, amma ware musu wuraren ɗiba nesa da gaɓa da gadoji abu ne da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu za su iya yi tare da masarauta.

Gonar wa, itacen wa?

Abin da ya fi iri da rami wuya shi ne maganar mallaka. Da yawa daga masu noman rani a bakin kogi haya suke yi ko aro. A al'adarmu kuwa dasa itace a gona kamar kafa tuta ne, mai gona ba zai so ɗan haya ya yi ba, ɗan haya kuma ba zai yi wahalar abin da ba zai ci ba. Ga tsoron inuwa a kan albasa da tumatir, ga tsoron tsuntsaye. Waɗannan ba uzurin banza ba ne. Amsarsu ita ce a tsaya a kan siririn layi na bakin gaɓa, 'yan taku kaɗan da ruwa zai ci ko an so ko ba a so, a kuma yi magana a gaban jauro ko mai unguwa cewa itacen na mai gona ne, sanda da ganye da 'ya'ya kuma na wanda ya rene shi ne muddin yana wurin. In manomi bai tabbata cewa zai iya yankan sandarsa ba tare da malamin daji ya kama shi ba, ba zai bar ko tsiro ɗaya ba.

Mutanen Maraɗi sun riga mu gane wannan. A farkon shekarun 1980, bayan dashe ya yi ta mutuwa, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne masu rai a ƙasa. Sai aka fara zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. Da manoma suka ga itacen ya zama nasu, sai dabarar ta bazu daga gona zuwa gona a jihohin Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Rinaudo ya karɓi babbar lambar yabo ta duniya a kan haka a 2018. Giyayya da kanya duk masu toho ne daga kututture. Kafin a kashe ko sisi a kan leda, a fara bin gaɓar Yedzaram a ƙirga kututturan da ke da rai. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa yana yin girman da dashe ba zai kamo shi ba cikin shekaru.

Ta fuskar hukuma ba a rasa ƙofofi ba. Adamawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda hukumarsa ta ƙasa ta samu dokar kafuwa a 2015. Tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa ya shafi farfaɗo da ƙasa da magudanan ruwa. Abin da nake so in gani daga irin waɗannan shirye-shirye shi ne a daina auna nasara da yawan ledar da aka raba ranar biki, a koma ƙirga itacen da ke raye bayan rani uku, a kuma sa masu renon dashe su tanadi na gida. Mai reno ba zai ɓata ledarsa a kan giyayya ba sai ya san akwai mai saye. Jami'ar jiha da kwalejin tarayya duk suna koyar da aikin gona, kuma ga ɗalibai da ke neman abin bincike kowace shekara. Kwana nawa ɗan dashen giyayya mai wata shida ke jurewa a nutse? Wace kanya ce a ƙasar Mubi ta fi zaƙi da saurin 'ya'ya, da za a riƙa ɗibar irinta? Amsoshin suna nan a bayan makarantun, tafiyar ƙafa.

A cikin gari ma akwai wuraren da suka dace da su: bayan makarantun da ruwa ke kwanciya, tsofaffin kududdufan da aka haƙa don bulo, gefen magudanai, filayen da aka yi ta sa darbejiya tana mutuwa. Maɗaci ɗaya a harabar masallaci ko coci, taku goma sha biyar daga bango, zai yi wa jama'a inuwa fiye da rumfar kwano.

Kawunan giyayya suna bushewa ne bayan kaka, su yi ta rataye har iskar hunturu ta kakkaɓe su. Kanya na nuna a cikin sanyin nan, ƙoƙon maɗaci kuma yana tsagewa gab da bazara. Wanda ke son ya dasa a damina mai zuwa, tsakanin Disamba da Afrilu ne zai sa 'yar jaka a aljihu ya gangara bakin kogi, ya nemi tsohon da ke noma a wurin ya nuna masa inda iyayen itatuwan suka rage.